Yaro Ya Ci Jarrabawa, Amma Ya Iya? Fashin Baƙi Kan Auna Ɗalibi Da Aikin Hannunsa

A jarrabawar Turanci ta WAEC akwai takarda ta uku, wadda aka ce furuci take aunawa. Ɗalibin Nijeriya zai zauna a benci, a miƙa masa tambayoyi 60 na canki-canka, ya yi ta shafa fensir a kan A ko B ko C ko D har lokaci ya cika, ya tashi ya fita bai buɗe baki ya furta ko kalma ɗaya ba. Yana iya cinye takardar kakaf, washegari a ce ya tashi ya yi wa baƙo maraba da Turanci, harshe ya sarƙe. Haka masu zana jarrabawar a matsayin ɗalibai masu zaman kansu suke yin firaktikal ɗin kimiyya: a takarda, an zana musu kwalabe da ma'aunai, su kuwa su rubuta abin da da za su gani in da sun taɓa kayan.

Ba sai an zargi hukumar da sakaci ba. Duk shekara fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi take yi wa jarrabawa a Nijeriya kaɗai, kuma babu yadda za ta zaunar da kowane ɗaya ta saurari bakinsa. Sai dai abin da babbar jarrabawa ta kasa aunawa, a aji ya kamata a auna shi, gaban malamin da ya san yaron. Nan ne zancen auna ɗalibi da aikinsa ya shigo, kuma nan ne muka fi yin asara.

Me ake nufi da shi?

Abubuwa biyu ne a haɗe. Na farko, a sa ɗalibi ya aikata abin da aka koya masa a gani, maimakon ya zaɓi amsa daga cikin waɗanda wani ya riga ya jera: ya karanta a ji, ya auna, ya haɗa waya fitila ta kama, ya rubuta wasiƙa, ya tsaya ya kare ra'ayinsa. Na biyu, aikin ya yi kama da wanda mutane suke yi da wannan ilimin a wajen makaranta. Ana iya samun na farko babu na biyu. Yaron da aka ce ya rubuta insha'i a kan "Ranar da ba zan manta ba" ya yi aiki da hannunsa, amma babu wanda zai sake neman irin wannan rubutun daga gare shi har ya tsufa. Wanda aka ce ya rubuta wa kansilan mazaɓarsu takarda kan rijiyar burtsatsen da ta lalace, ya faɗi tun yaushe, gida nawa ke ɗiba a cikinta, da abin da ake roƙo, wannan ya haɗa duka biyun, domin akwai wanda zai karanta, akwai kuma buƙatar da rubutun zai biya ko ya kasa biya.

Masanin ilimi ɗan Amurka Grant Wiggins ne ya fi yayata wannan tunani, tun daga 1989. A lokacin makarantun Amurka sun shafe shekaru da dama suna dogaro da tambayoyin canki-canka, waɗanda suka bazu tun bayan da rundunar sojan ƙasar ta yi amfani da su wajen tantance sababbin kurata a 1917. Hujjar Wiggins ita ce malamai abin da za a tambaya suke koyarwa, ko an so ko an ƙi. Saboda haka gara a gina jarrabawar da ta cancanci a koyar domin ta. Duk wanda ya ga yadda 'yan aji uku na babbar sakandare suke ajiye littattafai su rungumi tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB tun daga zangon farko ya san gaskiyar wannan magana ba tare da an kawo masa bincike ba.

Ga Bahaushe kuwa tunanin ba baƙo ba ne. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam abin da ke kai, da baki, ba tare da tuntuɓe ba. A tsangaya gardi yana kawo allonsa darasu, ya karanta gaban alarammomi, a tsayar da shi a kan wasali ɗaya a gyara. Wanda kuma ya ce ya haddace, hujjarsa ita ce ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta Alƙur'ani da ka, a duba. Babu mai tambayarsa ko ya san yadda ake haddacewa. Haddar kanta ake nema. Ana iya yi wa tsarin tsangaya suka ta fuskoki da yawa, har da cewa abin da yake aunawa ƙunci gare shi, amma ba a taɓa jin an kira wani alaramma alhali bai iya ba. Makarantar boko ce take iya ba mutum shaidar abin da bai taɓa yi ba.

Gurbin da aka tanada tun 1977

Abin takaicin shi ne dokarmu ta riga ta buɗe wa wannan aiki ƙofa. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, ita ta kawo abin da malamai da ɗalibai suke kira C.A., wato auna ɗalibi a kai a kai tsawon zango, don kada makomarsa ta rataya a kan zaman awa biyu na rana ɗaya. An ce a duba fuskoki uku: abin da ya sani, halayyarsa, da abin da hannunsa ya iya. An ce a yi amfani da furojet, da lura, da aikin hannu, da tambayar baki. Yawancin makarantu suna ware wa C.A. maki 30 ko 40 cikin 100.

Je ka duba abin da ake yi da makin yau. Tes na farko maki 10, tes na biyu maki 10, jinga maki 10, wani lokaci a ƙara da duba littafin rubutu don a ga ko yaro ya kwafe duk abin da aka rubuta a allo. Tes ɗin kuwa ƙaramar jarrabawa ce, irin tambayoyinta ɗaya da babbar. Wato an ɗauki gurbin da aka tanada don ganin abin da jarrabawa ba ta gani, an cika shi da ƙananan jarrabawoyi. Teburin nan da ke gefen katin sakamako, mai tsafta da zuwa kan lokaci da iya aikin hannu, daren raba kati ake cike shi da 4 da 5. A firamare kuma kowa ya san yadda darasin aikin hannu ya koma: a kawo tsintsiya ko sabulu daga kasuwa, ko ma kuɗinsu, a karɓi maki.

Malamai sukan ce kayan aiki ne babu. Akwai gaskiya a ciki, musamman a kimiyya da darussan sana'a 34 da aka saka a manhajar babbar sakandare a 2011, waɗanda da yawansu a allo aka riƙa koyar da su. Amma ayyuka da dama ba su buƙatar ɗakin gwaje-gwaje.

Ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki. Malamin kimiyya ko na noma a ƙaramar sakandare, ana saura 'yan makonni damina ta faɗi. Maimakon ya tambayi "Lissafa abubuwa uku da iri yake buƙata kafin ya tsira", sai ya kawo wake iri biyu, ɗaya na bara da ya kwana a rumbu, ɗaya sabon saye, ya ce: wani manomi yana son sanin wanne zai shuka, kuma ko sai ya ƙara yawan irin. Ku gwada, ku ba shi shawara a rubuce, shafi ɗaya. Kayan aikin duka tsumma ne da ruwa da faranti.

Nan take abubuwa za su fara fitowa da takarda ba ta taɓa nunawa. Wata ƙungiya za ta ɗauki ƙwaya biyar kacal daga kowane iri, ta ce ta gama; ba su gane cewa biyar ta yi kaɗan a yanke hukunci da ita ba. Wata za ta tsince manya masu kyau ta bar masu huji, ta ɓata gwajin tun daga tushe. Wata za ta ajiye faranti ɗaya a taga ɗaya a lungu, sannan ta ɗora bambancin a kan irin. Wata za ta ƙirga 50, 32 su tsira, a tsaya cirko-cirko wajen mayar da shi kashi cikin ɗari, alhali duk sun ci wannan lissafin a tes ɗin makon jiya. Wata kuma za ta yi komai daidai, ta zo rubuta shawara ta cika shafi da ma'anar tsirowar iri, ba ta gaya wa manomin abin da zai yi ba. Kowane kuskure a nan yana nuna wa malam takamaiman abin da zai koma ya koyar. Maki 6 cikin 10 a tes ba ya faɗa masa komai sai cewa huɗu sun kuɓuce.

Kafin a fara, dole malam ya rubuta ma'aunin da zai yi hukunci da shi, ya kuma karanta wa ɗalibai. A wannan aikin abubuwa huɗu sun isa: adalcin gwajin, tsabtar ƙirga da rubuta abin da aka gani kullum, daidaiton lissafi, da ko shawarar ta fito daga sakamakon. Kowanne a yi masa matakai uku ko huɗu, kuma a bayyana kowane mataki da abin da ido zai gani. "Ya yi kyau", "ya yi dama-dama" da "bai yi ba" ba ma'auni ba ne, ra'ayi ne aka jera. Ma'auni shi ne a ce: mataki na sama, ƙwayoyin daidai suke a yawa, an ɗebo su ba zaɓe, an ajiye su wuri ɗaya da ruwa ɗaya, na tsakiya, an kiyaye biyu daga ciki, na ƙasa, an bambanta musu wuri ko ruwa. Wasu malamai suna ganin nuna wa ɗalibi ma'auni tamkar ba shi satar amsa ne. Ba haka ba ne. Tela yana nuna wa yaronsa yadda kyakkyawan wuyan riga yake tun ranar farko, kuma wannan bai taɓa ɗinka wa yaron wuyan ba.

Inda gizo ke saƙa

Ƙirƙiro aiki mai kyau ba shi ne mai wuya ba. Malami mai kishi zai iya samo goma a mako. Wuyar tana wajen alƙalanci. Takardar canki-canka ko wa ya duba ta, ko na'ura ce, maki ɗaya za ta bayar. Shafin shawarar nan kuwa, Malam Wane zai ba shi 8, Malama Wance ta ba shi 5, kuma kowannensu yana da hujja. In makin na gyaran koyarwa ne kawai, ba komai. In kuwa zai shiga sakamakon da za a ba da gurbin karatu da shi, to an shiga batun adalci. Ƙasashen da suka gwada abin da gaske duk a nan suka yi karo, kuma labarinsu ya fi duk wata nasiha amfani.

Jihar Vermont ta Amurka ta fara a ƙarshen shekarun 1980, ta ce za a auna 'yan aji huɗu da aji takwas a rubutu da lissafi ta hanyar jakar ayyuka, wato tarin zaɓaɓɓun ayyukan da yaro ya yi cikin shekara. Malamai sun yaba, sun ce koyarwarsu ta canja, yara sun ƙara yin rubutu da warware matsaloli. Amma da cibiyar bincike ta RAND ta bi diddigi, ƙarƙashin Daniel Koretz, rahotonta na 1992 ya nuna masu duba jakunkunan ba sa haɗuwa a kan maki yadda za a iya dogara da shi a kwatanta yaro da yaro ko makaranta da makaranta. Daga baya an ƙara horo an gyara ma'auni, abin ya inganta, musamman a lissafi. Jihar Kentucky kuma, bayan dokar gyaran iliminta ta 1990, ta ɗaura lada da hukunci ga makarantu a kan sakamakon, sannan ta bar malamai su duba jakunkunan ɗalibansu. Da aka sake dubawa daga waje sai aka tarar makin ya kumbura. A 1998 aka sauya tsarin. Da dokar tarayya ta 2002 ta tilasta yi wa kowane yaro jarrabawa duk shekara daga aji uku zuwa takwas, jihohi da dama suka koma canki-canka saboda arha, Maryland ma ta rufe nata gwajin aikin a wannan shekarar.

Ingila ta bi irin wannan hanya. Jarrabawar GCSE da aka fara zanawa a 1988 ta ba ayyukan cikin zango kaso mai tsoka. Ƙorafi ya yi yawa cewa iyaye da intanet ne suke yin aikin, sai a 2009 aka ce a riƙa yin sa a makaranta gaban malam. A 2012 rikici ya tashi kan sakamakon Turanci, hukumar da ke sa ido kan jarrabawa ta ce malamai sun yi sakin hannu wajen ba da maki saboda matsin da makarantu ke ciki. Ƙarshenta aka cire mafi yawan irin waɗannan ayyuka daga makin ƙarshe. Sai dai ba su yar da firaktikal ba. A kimiyyar manyan azuzuwa dole ɗalibi ya yi aƙalla gwaje-gwaje 12 da hannunsa, malami ya shaida, a rubuta wannan shaidar daban a takardar sakamako ba tare da an gauraya ta da makin jarrabawa ba. Ina ganin wannan dabara ta cancanci masu tsara mana manhaja su dube ta.

Wurin da abin ya daɗe yana aiki shi ne jihar Queensland ta Ostireliya. Tun farkon shekarun 1970 suka soke jarrabawar gama sakandare ta waje, suka bar hukunci a hannun malamai, kusan shekara hamsin. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kwamitocin malamai daga makarantu daban-daban da suke karɓar samfurin ayyukan ɗalibai, su duba ko makin da wata makaranta ta bayar ya dace da ma'aunin jiha, in bai dace ba a mayar mata. Ko su ma a 2020 sun dawo da jarrabawar waje, amma a yawancin darussa kashi 25 kawai take ɗauka, lissafi da kimiyya kashi 50.

Abin da ya fito daga waɗannan duka a fili yake. Inda aka ce malami ya ba ɗalibinsa maki, aka kuma ce da wannan makin za a yi wa malamin ko makarantarsa hisabi, ba tare da wani ya sake dubawa ba, makin zai hau. Ba sai malamin ya zama maras amana ba. Tausayi kaɗai ya isa. Mu da muke da makarantun kuɗi da ke tallar kansu da sakamako, ga kuma C.A. ɗin da ake tura wa hukumomin jarrabawa wanda kowa ya san yadda wasu suke cike shi, bai kamata mu yi mamaki ba. Maganin kuma mun san shi a gida. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta faro a 1986, gwajin aiki ce tsantsa, kuma jama'a sun yarda da sakamakonta saboda alƙalai da yawa ne suke zama, an san abin da ake ba maki a kai, hadda da tajwidi da kyan karatu, an san abin da kowane kuskure yake ci, kuma a bainar jama'a ake yi. Makaranta za ta iya kwaikwayon rabin wannan ba tare da kashe ko sisi ba: malaman darasi ɗaya su zauna, a ɗebo ayyuka shida a rufe sunaye, kowa ya ba da maki shi kaɗai, sannan a buɗe a yi gardama har a daidaita. Ayyukan da aka yi ittifaƙi a kansu a ajiye su su zama abin nuni ga ɗaliban baɗi da sababbin malamai. Zaman awa ɗaya irin wannan ya fi bitar kwana uku a otal koya wa malami aikinsa.

Akwai matsala ta biyu da ba a cika faɗa ba. Binciken Richard Shavelson da abokan aikinsa a farkon shekarun 1990, kan gwaje-gwajen kimiyya na hannu a firamare, ya nuna yaro yana iya yin fice a aiki ɗaya ya faɗi a na gaba, ko da duka biyun abu ɗaya ake cewa suna aunawa. Ma'ana, babban furojet guda ɗaya a zango ba ya isa a ce an san yaro. Likitoci sun riga kowa gane wannan. A da ɗalibin likita majiyyaci ɗaya ake ba shi, sa'arsa ta dogara da wanda ya samu da kuma halin mai jarraba shi. A 1975 Ronald Harden na Jami'ar Dundee a Sikotilan ya bayyana tsarin da ake kira OSCE: tashoshi da yawa, kowace 'yan mintuna, a wannan ka auna hawan jini, a waccan ka yi wa majiyyaci bayani, kowace tasha da mai dubanta da takardar ma'auninsa. Ɗaliban jinya da ungozoma a Nijeriya sun san shi sarai. Malamin firamare ma zai iya jera tebur huɗu a bayan aji: a nan auna tsawon igiya, a nan karanta agogo, a nan ba da canjin naira 500, a nan karanta sanarwa ka faɗi abin da ta ce.

To, yawan ɗalibai fa? Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. A makarantun gwamnati na manyan garuruwan Arewa samun ninkin haka a aji ɗaya ba labari ba ne. A ƙaddara malami yana da azuzuwa biyar, kowanne ɗalibi 80. In zai ba kowane yaro minti biyar kacal, ya haura awa 33, fiye da duk darussan da yake shiga a mako. Duk mai ba da shawarar gwajin aiki da bai yi wannan lissafin ba, bai shiga aji ba. Abin da zai yiwu shi ne a rage buri. Aiki biyu ko uku ƙanana a zango, a madadin tes ɗaya, ba ƙari a kansa ba. A yi aikin a ƙungiya, amma kowa ya rubuta nasa sakamakon, kuma malam ya jefa wa kowane ɗan ƙungiya tambaya ɗaya ta baki, don kada mutum biyu su yi aiki shida su ci maki. A raba lura: yau yara goma, gobe wasu goma, har a zagayo. Ɗalibai su fara duba aikin juna da ma'aunin kafin ya iso teburin malam, ba don su ba da maki ba, don su kama kurakuran da ke a fili.

Minti ɗaya ma yana iya tona abin da shekara ta ɓoye. A 2011 da 2013 an yi gwajin karatun ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato, inda ake zaunar da yaro shi kaɗai a ba shi gajeren labari da Hausa ya karanta a ji na minti ɗaya. Mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Waɗannan yara ne da suke da katin sakamako, suna da maki, ana ciyar da su gaba duk shekara, saboda amshi da kwafe daga allo sun isa a ci tes. Tsarin nan na koyar da yaro daidai matakinsa, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro aka kuma gwada a Borno da Kano, da irin wannan gwajin yake farawa: harafi, kalma, sakin layi, labari, a ga inda yaro ya tsaya a sa shi rukunin da ya dace. Gwajin bai yi kama da rayuwar waje sosai ba, amma yaron ne ya karanta da bakinsa, kuma babu makin da wani zai ci riba da kumbura shi.

Batun aikin da ake tafiya da shi gida kuwa a taƙaice: a daina dogara da shi. Da can yayye da masu shagon kwamfuta ne suke yi, tun daga ƙarshen 2022 kuma ChatGPT da ire-irensa sun sauƙaƙa abin ga duk mai waya. Aikin da za a ba maki a yi shi a makaranta, ko a kare shi da baki. Haka kuma a kula da aljihun iyaye da al'adar gari. Furojet ɗin da sai an sayi kwali mai ƙyalli da fenti, arzikin uba yake aunawa. Wanda ya ce kowa ya je kasuwa ya tambayo farashin mudu da na buhu ya lissafo ribar ɗan kasuwa, ya tuna akwai gidajen da ba za su bar budurwa ta je ba. Sai ya ba da zaɓi, ta tambayi mai sayar da ƙuli-ƙuli ko mai awara a cikin unguwa, lissafin ɗaya ne.

Kada a ɗauka ana cewa a jefar da canki-canka. In ana son a san cikin minti goma ko yara 80 sun riƙe jadawalin sau ko sunayen sassan fure, babu abin da ya fi ta sauri da adalci, kuma yaron da ba shi da wannan guzurin a ka ba zai iya aikin wake ɗin nan ba tun farko. Kowanne da wurinsa. Jarrabawar ƙarshen zango ta riga ta riƙe maki 60 ko 70. Abin da ake nema shi ne ta bar wa aiki sauran.

Wannan kuma ba ya jiran sabuwar doka daga Abuja. Rabon makin C.A. tsakanin tes da jinga da aiki, ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumar SUBEB da shugaban makaranta ne suke tsara shi. Firinsifal zai iya cewa daga zango mai zuwa maki 10 na kowane darasi daga aikin da aka gani da ido za su fito, a manna ma'aunin a bangon aji, a ware awa ɗaya a makon tsakiyar zango don malamai su daidaita alƙalancinsu. Jami'an duba makarantu na shiyya, waɗanda yanzu littafin tsara darasi da rajista suka fi dubawa, za su iya ɗebo ayyuka biyar daga kowace makaranta su haɗa malaman makarantu huɗu ko biyar maƙwabta su duba na juna. Kwalejojin ilimi kuwa suna da nasu rabon: ɗalibin N.C.E. da ake zuwa a duba shi a T.P., wato gwajin koyarwa a aji, da takardar ma'auni a hannu, ya kamata kafin ya fita ya rubuta irin wannan takardar da kansa, ya gwada ta a kan ayyukan yara na gaske, a kwatanta makinsa da na abokan karatunsa.